Wayoyi Uku da Fuskar Yalwa

Tun azahar kuke zaune a nan kuna gardama a kan waya. Wannan ya ce tasa ta fi ɗaukar hoto, wancan ya ce ƙarya ne. Kun hana ni jin rediyo. To ku kife su a kan tabarma. Zan ba ku labari ɗaya, ba kuma zan maimaita ba. In na gama sai ku yi gardamar da ke da amfani.

A wani ƙaramin gari na ƙasar auduga an yi wani mutum, Nomau mai hoto. Shekara talatin da wani abu yana ɗaukar mutane da akwatin katako mai ƙafa uku, irin wanda ake cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Mai tafiya Makka, ɗalibi mai neman makaranta, ango, sojan da ya zo hutu, duk a ƙofar zaurensa suka tsaya. Ba gidan da za ka shiga a garin ba ka ga aikinsa a bango ko a ƙasan akwati ba.

Yana da wani labule shuɗi da aka zana wa itacen dabino biyu da jirgin sama. Shi ake ratayawa a bakin zaure, mutum ya tsaya a gabansa. Gefe ɗaya an kafe shi da ƙusa. Ɗaya gefen kuwa iska ba ta barinsa, in ko labule ya motsa hoto ya lalace. Saboda haka matarsa Yalwa take kifa turmi daga cikin zaure, inda ba mai ganinta, ta hau, ta kama gefen ta ja shi ya miƙe. Haka za ta tsaya har sai ta ji ya ce an gama. Wanda ya duba tsofaffin hotunan garin da kyau zai ga kan yatsu huɗu masu lalle a gefe, can sama. Na Yalwa ne. Tana cikin hoton kowa, ba ta da nata.

Ba don bai nema ba.

"Zauna in ɗauke ki," yakan ce.

"Ina za ni? Matafiya ake yi wa hoto."

"Ko don yaran nan."

"Yaran ba su da ido ne? Ga ni nan kullum."

Sai ya ƙyale ta, yana cewa wata rana. Wata damina zazzaɓi ya kama ta, kwana uku ta rasu. Lokacin da labarin nan ya faru shekara goma sha ɗaya ke nan.

Daga baya idon Nomau ya fara mutuwa. Likita a Zariya bai ɓoye masa ba, ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya ci abin da ya ci. Abin da ya saura kamar mai leƙe ta ramin kara, shi ma ba zai kai kaka ba. Nomau bai ji tsoron duhu ba. Rabin rayuwarsa a ɗakin duhu ya yi ta yana wanke hoto. Abin da ya tsorata shi daban ne. Wata safiya ya zauna a kan buzu ya nemi fuskar Yalwa a ransa, ta ƙi zuwa. Muryarta ta zo. Tarinta na safe ya zo. Yatsun nan masu lalle sun zo. Fuska babu. Ya yi ta nema kwana da kwanaki, sai dai ya ga ɗankwali da wani fili a ƙarƙashinsa. Ya ce a ransa, in ido ya rufe a haka, da wa zan zauna a ciki?

'Ya'yansa uku ne. Mamuda shi ne ɗan fari, yana aikin awon hanya a Abuja. Uban ba ya faɗin sunansa, Babba yake ce masa. Barira nas ce a Zariya, ita ta kai shi wurin likita. Zayyanu auta yana gyaran waya a Kano, bakinsa ba ya rufuwa. Barira ta kira su, ranar Juma'a suka haɗu a gida. Suka zauna a zaure da uban, ba wanda ya iya ɗauko maganar ido. Sai suka ɗauko ta waya. Kowannensu yana riƙe da sabuwa dal, babbar wayar kamfaninta, kamfani uku daban, kowace an yi ta ne don hoto.

Mamuda ya ce, "Tawa daga nan za ta karanta muku lambar motar da ke tsaye a tasha."

Barira ta ce, "Da rana tsaka, Yaya. Kai ta ɗakin haihuwa an ɗauke wuta ka gani. Tawa ko cikin rumbu ka shiga sai ta gan ka."

Zayyanu ya ce, "Ku duka ɗauka kawai kuke yi. Tawa hankali gare ta. Ba ta hoton da ya sha ruwa, ta mayar maka da shi ango."

Mamuda ya ce, "Auta, kai ko waya ka riƙe sai ta koyi ƙari a zance."

Suka yi dariya, dariyar da ta fi ƙarfin maganar. Nomau yana jin su. Ya san abin da suke gudu. Ya bari har suka lafa, sannan ya ce, "A cikinsu wacce ce take ɗaukar wanda ya rasu?"



Nan ya gaya musu abin da bai taɓa faɗa ba. Akwai hoto ɗaya. Shekarar da aka buɗe siton auduga, shugabannin ƙungiyar manoma su huɗu suka zo a ɗauke su. Daidai lokacin da ya buɗe idon akwati iska ta fizge labule, Yalwa ta sunkuyo za ta cafke, fuskarta ta fito ta saman kafaɗar Sarkin Noma. Takarda ɗaya ta rage masa, mutanen kuma suna sauri. Haka suka karɓa, suka kai Zariya aka ƙara masa girma, aka sa a firam aka rataye a sito. Yalwa ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Shi kuwa kunya ta hana shi zuwa kallo, kada a ce mai hoto ya zo ganin matarsa a tsakiyar maza. Asalin da ya ajiye a gida gara ta cinye shi tuntuni.

Ya lalubi adaka ya fito da labulen. Ya ɗora hannun kowannensu a gefen da ya koɗe, inda zaren ya yi laushi saboda riƙo. Ya ce, "Ba ni da gona, ba ni da shanu. Wannan ne kawai. Wanda wayarsa ta dawo mini da fuskarta, nasa ne."

Siton yana bayan gari, an daina amfani da shi shekaru da yawa. Babban gungumen rufi ya karye ya tokare ƙofar ƙarfe daga ciki. Magini ya duba ya ce duk wanda ya tura ƙofar nan da ƙarfi, bangon ƙurya ne zai fara zubewa, a nan kuma aka rataye hotuna. Zuma ta yi gida a ciki. Mai gari ya hana shiga, ya kuma ce kada su wahalar da tsoho, an kwashe komai tun da daɗewa. Nomau ya ji wannan, bai fasa ba. Asabar da yamma ya sa suka riƙe masa hannu suka tafi.

A ƙasan ƙofar tsatsa ta ci wani rami, hannu zai shiga da ƙyar. Mamuda ya kara wayarsa a bakin ramin ya ɗauka, baƙi ƙirin. Zayyanu ya gwada tasa, ta fito da wasu dabbare-dabbare da ba a san kansu ba. Sai Barira ta matso. Ta tattare leshinta ta kwanta a ƙasa, ta cusa hannu da waya har kafaɗa. Bakin ƙarfen ya tsaga mata damtse. Ita nas ce, ta fi kowa sanin abin da tsatsa ke yi wa jini. Ba ta janye ba. Ta ce wayar ba ta son motsi, sai an riƙe ta cak tana tara haske.

Nomau ya ce, "Ashe irin akwatina ce. A hankali take sha."

Ya durƙusa kusa da kanta ya yi mata ƙirge, yadda yake yi wa masu zuwa Makka. Kada ki motsa. Ɗaya. Biyu. Na farko ya lalace, hannunta ya yi rawa. Na biyu ma haka. A na uku, yana kan huɗu, ya ji numfashinta ya ɗauke. Wani abu mai sanyi ne ya hau wuyan hannunta yana tafiya a hankali. Har yau ba ta san ko maciji ne ko ƙadangare ba. Ta ce, "Ci gaba, Baba." Ya ci gaba har goma.

Da ta zaro hannun jini yana bin gwiwar hannunta. Amma a fuskar wayar cikin sito ya bayyana kamar gari ya waye a ciki. Ga ruɓaɓɓun buhuna, ga gungumen, ga bangon ƙurya da ƙusoshi jere babu komai a kansu. Can sama ta hagu firam ɗaya yana rataye a karkace. Zayyanu ya yi kabbara. Sai dai da Barira ta ware yatsu ta ƙara girman wurin, komai ya narke ya zama kamar kunu. Wayarta tana gani a duhu, ba ta gani a nesa. Fuskar da suke nema ba ta kai ƙwayar gero ba.

Nomau ya ce a faɗa masa duk abin da ke jikin bangon, kada a bar komai. Barira ta ce gefen firam akwai wani fili da fentinsa ya yi fari, a ƙasansa ciyawa ta tsiro. Ya tambaya ta ina rufin ya huje. Ta ce ta gabas. Sai ya ce, "Rana na shiga. Inda ta ci fenti, nan take sauka. Da a kan hoton take sauka da ta cinye shi tuntuni, amma haskenta zai taɓa shi. Da hantsi ne. Ba za ta daɗe ba."

Lahadi da hantsi suka koma. A bangon yamma, can sama, akwai 'yar tagar iska da ke kallon ƙuryar, kusa da ita akwai darbejiya. Ta tagar nan zumar take shiga da fita. Mamuda mutum ne mai jiki, shekara arba'in da shida, gwiwarsa ɗaya tana damunsa. Ya cire babbar riga ya miƙa wa Barira.

Zayyanu ya ce, "Yaya, ba ni wayar in hau. Reshen nan ba zai ɗauki tuwon Abuja ba."

Mamuda ya ce, "In ta jawo nesa, numfashinka ma girgiza ta yake yi. Ba ka saba ba. Ni aikina ke nan." Ya kama reshe, sai kuma ya tsaya. Ya ce a hankali, ba tare da ya waiwayo ba, "Ni ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona a gaban mutane ba. Ni ma ban kalle ta ba. Bar ni in kalle ta yau."

 Nomau ya dafa gindin itacen, yana jin yadda yake rawa da nauyin ɗansa. Ya ji kukan zuma ya canja. Ya ji Mamuda ya ja iska ta haƙori, ya san an fara harbinsa.

"Babba. Rana ta sauka?"

"Ta sauka, Baba."

"Jingina gwiwar hannunka a reshe. Fitar da numfashi, ka riƙe, sannan ka danna. Kada ka kori zuma. In ka kore ta hannunka ya tafi."

Bai kore ta ba. Ta harbe shi a wuya, a leɓe, a fatar ido. Ya yi ta ɗauka har rana ta matsa daga bango, ƙurya ta koma duhu. Da ya sauko fuskarsa ta kumbura, ido ɗaya ya rufe. Barira ta zaunar da shi tana zare masa ƙarin zuma, Zayyanu yana cewa yanzu ko matarsa sai ta nemi shaida kafin ta buɗe masa ƙofa. A cikin duk abin da ya ɗauka guda ɗaya ne ya tsaya daidai. Ga mutum huɗu da rawunansu. Ga labule ya zame. Ga fuskar mace ta saman kafaɗar Sarkin Noma.

Suka kai uban inuwa suka ba shi. Ya kawo wayar kusa da ido, ya yi ta yawo da ita yana neman ramin ganinsa. Amma wayar Mamuda amana gare ta fiye da kima. Yadda ta samu abu haka ta kawo shi. Ta kawo fuskar, ta kawo tabon ruwan da ya zubo ta rufi, ta kawo ɗigon fumfuna, ta kawo tsagewar takarda da ta ratsa kumatun layi-layi. Mai lafiyar ido zai iya tsinto mace a ciki. Nomau bai iya ba.

Ya ce, "Hayaƙi nake gani."

Zayyanu ya ce, "Yanzu aikin masu hankali ya zo. Yaya, turo."

A zaure ya yi, suna kallo. Taɓawa ɗaya. Kafin mutum ya shanye moɗar ruwa wayar ta gama. Tabon ruwa ya tafi, fumfuna ta tafi, layukan sun tafi. Ga mace fes, kumatu sumul, ido farare, har gefen fuskar da inuwa ta rufe wayar ta cike shi. Mamuda ya ce masha Allah. Barira ta share hawaye. Zayyanu ya miƙa wa uban da hannu biyu yana murmushi.

Wannan karon Nomau ya gani sarai. Ya fara daga ɗankwali ya sauko goshi, ya bi ido, ya bi kumatu, ya koma sama. Ya jira abin nan ya motsa a ƙirjinsa. Bai motsa ba.

"Wace ce wannan?"

"Inna ce, Baba."

"Kyakkyawa ce. Amma ban san ta ba." Ya ƙara dubawa. "Ina billenta?"

Yalwa tana da bille a kumatun hagu, tsagar gidansu. Ba irin na kowa ba ne. Ranar da wanzami yake yi mata, tana jaririya, ta yi atishawa, aska ta ɗaga. Sai billen ya zama guntu biyu da ɗan fili a tsakani. Wayar ba ta san wanzami ba. Ta ga layi a fuska, ta ce tsagewar takarda ce, ta share shi tare da sauran. Abin da ya fi yi wa yaran ciwo, su ukun sun kalla sun yarda. Shekara goma sha ɗaya ta ci musu nasu rabon su ma.

Nomau ya mayar da wayar, ya lalubi bango ya shiga ɗakinsa. Aka kai masa abincin rana, bai taɓa ba. Yana kwance yana tunanin da ya sani da bai faɗa musu ba. A da yana da fili a ƙarƙashin ɗankwali. Yanzu baƙuwar nan tana neman zama a wurin.

Daga inda yake yana jin zaure. Ya ji Barira ta ce, "Ga aikin waya mai hankali nan." Ya ji Mamuda ya ce ta yi shiru. Abin da bai ji ba shi ne muryar Zayyanu, wannan kuwa bai taɓa faruwa ba.

Zayyanu ya koma kan hoton Mamuda mai datti. Ya kashe wa wayar dabararta ta yin gyara da kanta. Ya zaro ɗan alƙalamin da ke jikinta, wanda sauran biyun ba su da shi, ya fara share tabo ɗigo ɗigo da hannunsa. Da ya iso kumatu ya tsaya. Layi shida ne suka ratsa wurin, duk sun karkata gefe ɗaya. Biyar na takarda ne, ɗaya na Inna. Ya tambayi Mamuda. Mamuda ya sunkuyar da kumburarren kansa, ya ce bai taɓa kallon fuskarta har ya san wannan ba. Ya tambayi Barira. Ta ce ta san a hagu yake, amma tun tana shekara goma sha biyu aka kai ta makarantar kwana, ba za ta yi rantsuwa a kan layi ba.

Shi kuwa auta ne. Har ya shekara bakwai a cinyarta yake barcin rana. Ba ya barci sai ya bi billen nan da yatsa. Wasa suke yi, yatsa mota ce, ta taso daga gefen hanci, ta iso gada ta yi tsalle, ta sauka ta nufi kunne. Ya rufe ido ya bi hanyar a kan nasa kumatun, sau ɗaya, sau biyu. Ya buɗe ya duba layukan. Na huɗu ne yake da gada. Ya share biyar ya bar shi. Gefen da inuwa ta rufe bai taɓa shi ba, ya bar inuwar yadda take. Tun azahar yake kai har la'asar ta yi sanyi, bai sha ko ruwa ba.

Nomau ya ji an durƙusa a bakin ƙofarsa.

"Baba, ɗazu na yi laifi. Na bar waya ta faɗa mini kamannin uwata. In wannan ma ba ita ba ce, ba ni da sauran dabara."

Ya so ya ce a bar shi. Amma muryar yaron ta dushe, sai ya miƙa hannu. Zayyanu ya ƙure hasken wayar ya ɗora masa. Nomau ya fara daga ɗankwali. Ya sauko goshi, akwai ɗan tabon ruwa da aka bari. Ido ɗaya a fili, ɗaya a inuwa, na filin ya zaro, tsakanin firgita da faɗa. Ya sauko kumatu. Layi ya taso daga gefen hanci, ya yanke, ya ci gaba.

Ya kai yatsa ya taɓa. Hoton ya zame gefe.

"Ta gudu!"

"A'a Baba, taɓawa ka yi. Ga ta nan."

Tsohon ya yi dariya har ta koma wani abu daban. Barira da Mamuda suna tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Harara take yi mini. Ku duba. Wai ni na aiko iska." Ya goge ido da bakin riga ya sake kallo. "Sannu da riƙo," ya ce, ba da su yake ba.

An wanke masa hoton babba aka kafa kusa da gadonsa. Kullum da hantsi yakan sa a fito masa da shi haske, ya bi shi daga ɗankwali zuwa haɓa, kamar mai bitar karatu. Kafin a fara cirar auduga idon ya rufe gaba ɗaya. Barira ta zo tana kuka. Ya ce, "Me kike yi wa kuka? Tana ciki. Har gadar."

Saura labule.

Ranar da za a ba da shi su ukun suka zauna a gabansa. Ba wanda ya ce a ba ni, ba kuma wanda ya ce na yafe. Kowa yana son gefen nan da ya koɗe. Wani maƙwabci ya ce a sa almakashi a raba uku. Nomau ya ce abin da Yalwa ta yi shekara talatin tana riƙewa ya miƙe, ba mai yanka shi yana raye. Ya ɗora shi a cinya yana shafawa, ya kasa miƙa wa kowa.

In ya juya wajen Barira, sai ya tuna mai gari ya ce babu komai a sito. Ba don wayarta ta gani a duhu ba, da sun yarda sun koma gida. Ita ta nuna inda firam yake, ita ta nuna inda rana ke sauka. Tabon ƙarfe yana damtsenta har yanzu. Amma abin da ta kawo ƙwayar gero ne, ba fuska ba.

In ya juya wajen Mamuda, sai ya tuna fuskar ta yi shekaru a bango ba mai iya kai mata. Wayarsa ce ta tsallake duhu da gungume ta ɗauko ta, ba ta ƙara ba ba ta rage ba. Billen da aka samu a cikin aikinsa aka same shi. Ya sha harbi bai motsa ba. Amma ba don ƙanwarsa ba bai san inda zai auna ba, kuma abin da ya miƙa wa uban hayaƙi ne.

In ya juya wajen Zayyanu, sai ya tuna a hannunsa ya ga Yalwa. Sauran biyun sun kawo ta ƙofa, shi ya shigo da ita. Wayarsa ce kaɗai take da abin share tabo, shi kaɗai ya san gadar. Amma wayar nan ita ce ta fara kawo masa baƙuwa, ta hana shi cin abinci, ta kusa ɓata ɗan abin da ya rage masa. Kuma ba jininsa a ƙarfe, ba harbi a fuskarsa. A zaure ya yi nasa, a inuwa.

Labulen yana nan cikin adaka. Tsohon ya ce alkawari ya ɗauka, ba ya so ya tafi da shi a wuyansa, a taya shi dubawa.

Ni na gama. Ku ɗauki wayoyinku in kuna so. Amma kafin wani ya sake cika mini kunne da tasa ta fi, ku amsa mini wannan. Mai gani a duhu, da mai jawo nesa, da mai gyaran da ta yi kuskure aka dawo da ita hanya, wacce ce ta dawo wa Nomau da fuskar matarsa? Barira, Mamuda, Zayyanu, wa za a miƙa wa labulen Yalwa?